Kafin A Taya Ragon Suna, A Lissafa Kuɗin Haihuwa

Wata asuba cikin damina aka kawo mana wata yarinya mai cikin fari daga wani ƙauye. Tun azahar ɗin jiya take naƙuda. Na tambayi mijin abin da ya hana su zuwa da wuri, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ba ni da ko na mashin. Sai da gari ya kusa wayewa na samu rance." Amma wata biyu ke nan yana da rago a turke, yana ba shi dusa da harawa saboda suna. Da likita ya ce sai an yi mata aiki, ƙaninsa ya koma ya sayar da ragon a wulaƙance, domin dillali ya san mai gaggawa ba ya ciniki. Uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Rago ya tafi, suna kuma ba a yi ba.

Ban ga laifin mutumin nan wajen son iyalinsa ba. Ya yi tanadi, sai dai ya fara daga ƙarshe. Shi ya sa nake ganin duk gidan da aka samu ciki, a zauna a lissafa kuɗin haihuwa tun wata na uku, kafin a yi zancen rago da atamfa da goro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa ba ma lissafi?

Wasu na ganin shirya wa haihuwa kamar yi wa mace mugun fata ne. Wasu kunya ce, musamman a cikin fari, inda yarinya ba ta iya buɗe baki ta yi maganar cikinta da miji ko da uwar miji. Wasu kuma sukan ce, "Uwata ta haifi goma a ɗaki, ko sisi ba a kashe ba." Gaskiya ne, yawancin haihuwa lafiya ake yin ta. Amma kusan mata 15 cikin 100 masu ciki sukan gamu da matsalar da za ta iya taɓa rai, kuma ba mai iya nuna su da yatsa tun farko. Zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin awa 2. Awa 2 ba ta isa a zaga gidajen dangi neman rance ba.

Kashi uku na lissafin

Kashi na farko, kuɗin da babu makawa sai an kashe. A ciki akwai katin awo, gwajin jini da na fitsari, hoton ciki, maganin ƙarin jini, da kuɗin mota ko mashin na kowane zuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, don haka a ninka kuɗin hanya yadda ya kamata. Sai kuɗin karɓar haihuwa, da na gado, da kayan da za a zo da su: zannuwa masu tsabta, sabulu, bokiti, audugar mata, kayan jariri, da fitila.

Kashi na biyu, kuɗin da ba a rubuta shi a takardar asibiti, kuma shi ne ya fi ba mutane mamaki. Mai mashin da aka tashe shi ƙarfe 2 na dare ba zai karɓi kuɗin rana ba. Mace mai naƙuda mai tsanani ma ba ta hawa mashin, sai an yi shatar mota. Mai jinya za ta ci abinci, za a sayi itace ko gawayi, za a sa kuɗi a waya. Maigida zai bar gona ko kasuwa na wasu kwanaki. Haihuwa ta ƙalau kwana ɗaya ko biyu ce a asibiti, wadda aka yi wa aiki kuwa takan kai kwana biyar ko mako.

Kashi na uku, kuɗin ko-ta-kwana: aikin tiyata, ƙarin jini, jijjiga, jaririn da ya zo bakwaini, ko a ce a wuce da ita babban asibiti a Gaundare ko Garwa ko Marwa. Kuɗin tiyata ya ninka na haihuwa ta ƙalau sau da yawa. Wannan kashi shi ake tsallakewa a lissafi, kuma shi ne yake sa a sayar da gona. Idan Allah ya sa ba a taɓa shi ba, ba a yi asara ba. Ga kuɗin rago nan ya samu.

Takardar jaka shida

A jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru akwai takardar da ake kira Chèque Santé. Kuɗinta sefa 6,000, wato jaka shida. Mai ciki da ta saye ta, an ɗauke mata kuɗin awo, da hoton ciki, da haihuwa, da tiyata idan ta kama, da duba ta ita da jaririnta har kwana 42 bayan haihuwa. Ragon suna mafi ƙanƙanta ya ninka wannan kuɗi sau da yawa.

Sai dai a kula da abu uku. Takardar tana aiki ne a asibitocin da aka amince da su kaɗai, saboda haka a tambaya tun zuwan farko ko inda ake awo yana ciki. A saye ta da wuri, domin wadda ta saya a wata na tara ta riga ta biya awon baya daga aljihunta. Kuma takardar ba ta biyan mashin daga gida, ba ta ciyar da mai jinya. Ko da ita a hannu, kashi na biyu yana nan daram.

Yadda za a tara

Maigida, ka raka iyalinka awon farko. Ka je wurin mai karɓar kuɗi ka yi tambaya huɗu: nawa ne haihuwa ta ƙalau, nawa ne tiyata, me kuɗin ya ƙunsa, me za a saya a waje? Ka rubuta, ko ka sa a rubuta maka a bayan kati. Tambayar farashi ba rowa ba ce, ba kuma raina likita ba ne.

Daga nan a raba jimlar bisa makonnin da suka rage. Wanda ya ajiye dala ɗari, wato sefa 500, kowane mako har mako 30, ya tara 15,000. Wanda ya ajiye jaka guda ya tara 30,000. Manomi ya ware buhu ɗaya ranar da aka kai amfani gida, ya ce wannan na haihuwa ne. Matan da ke adashi su roƙa a sa kwasar mai ciki ta faɗo a wata na bakwai, domin haihuwa ba ta jiran ranar da aka rubuta a kati.

Abu biyu kuma da ba kuɗi ba ne, amma sun fi kuɗi wuyar samu da tsakar dare. Na ɗaya, jini. Jini ba a sayen sa a kanti, kuma asibitoci sukan nemi dangi su bayar. A san rukunin jinin mai ciki, a yi magana da mutum biyu masu lafiya tun da wuri. Na biyu, izini. Na sha ganin kuɗi na nan a akwati, mabuɗi na aljihun maigida, maigida na kasuwar shanu a wani gari. Ka faɗa wa iyalinka da mahaifiyarka inda kuɗin yake, ka ce a gaban kowa: "Ko ba na nan, in naƙuda ta tashi ko an ga jini, a tafi." Ka karɓi lambar wayar direba biyu.

Namu laifin

Ba zan ɗora komai a kan magidanta ba. Mutum ba zai iya lissafa abin da aka ɓoye masa ba. Idan aka ce masa jaka goma, ya zo da jaka goma, sannan aka riƙa miƙo masa takardar magani ɗaya bayan ɗaya har kuɗin ya ninka, gobe ba zai kawo matarsa ba, kuma zai hana maƙwabcinsa. Wajibi ne kowane asibiti ya manna farashi a bango cikin harshen da mutane ke ji, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kowane kuɗi a biya shi wurin mai karɓar kuɗi, a karɓi rasit. Wanda ya ce ku ba shi a hannu ba rasit, ku nemi shugaban wurin.

Na san akwai gidan da ko dala ɗarin nan ba ta samuwa. Ga irin wannan gida shawarata ita ce a faɗa mana tun ranar awo. A wata na huɗu ana iya neman hanya tare da dangi, da mai unguwa, da masallaci ko majami'a. Ranar naƙuda kuwa hanyoyin sun ƙuntata. Kuma ko babu ko dala a hannu, idan an ga jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko naƙuda ta wuce awa 12, a taho. Bashi ana biyan sa a hankali. Doguwar naƙuda kuwa tana barin mace da yoyon fitsari, ko ta bar gida da marayu.

Kada a manta da takardar haihuwar jariri. A karɓi shaidar asibiti a kai ofishin magajin gari da wuri, domin in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, can kuma kuɗi ne.

Suna kwana bakwai ne bayan haihuwa, kuma dangi sukan taimaka da shi. Daren naƙuda kuwa daga kai sai abin da ka tanada. A fara da wannan. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.