Saje Ta Tuɓe Kaki, Wa Ya Tare Ta A Bakin Ƙofa?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa kaya da suka yi ta sauko mana daga Aliero, ga Alhaji ba ya son ya waiwayo bai gan ni a rumfa ba. Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 a nan Legas lokacin saukar albasa ya san ba a zama.

Yau maganar wata baiwar Allah ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba zan faɗi sunanta ba, mu dai a layinmu Saje muke ce mata, don da wannan muƙamin ta bar aikin soja. 'Yar Arewa ce, Hausarta irin ta bariki, ga ta da tsayuwa kamar an kafa turke. Ranar da ta fara zuwa wajenmu ta tambayi kuɗin buhu, yaronmu ya faɗa mata, kawai ta buɗe jaka za ta ƙirgo. Ko tayi ba ta yi ba! Alhaji yana daga ciki ya ɗaga murya ya ce, "Baiwar Allah, dakata. Ke baƙuwa ce a wannan harka ko?" Ta ce, "Alhaji, ni inda na fito in an faɗi magana an gama." Ya yi dariya ya ce to nan kasuwa ce, in an faɗi magana yanzu aka fara.

Abin dariya ne a ranar, amma daga baya da na ji labarinta sai dariyar ta tsaya. Ta shiga soja tana yarinya, a bariki ta yi aure, a bariki ta haihu, a can mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Da ta bar aiki dole ta bar ɗakin gwamnati. Abin da ta samu na sallama, kafin ta farga kuɗin haya na shekara da la'adar dillalin gida da kuɗin makarantar yara sun cinye fiye da rabi. Da ragowar ta buɗe wajen sayar da abinci. Girki ta iya, tsafta kuwa ba a magana. Abin da ba ta iya ba shi ne sanin watan da albasa ke araha a saya a ajiye, da wanda za a ba bashi da wanda za a ce masa Allah Ya ba da haƙuri, da yadda ake shiga adashi ba a cuce ka ba.

To jama'a, ba wai gwamnati ba ta yin komai ba ne, kada a ce na yi mata ƙarya. A Oshodi, nan kusa da mu, akwai cibiyar da ake kira NAFRC, inda ake kai sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da suka kusa ritaya su yi wata shida suna koyon sana'a: ɗinki, kiwon kaji, kiwon kifi, haɗa sabulu, walda da sauransu. Akwai hukumar fanshon sojoji a Abuja. Akwai kamfanin DHML mai kula da inshorar lafiyarsu. Akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Duk waɗannan mace tana da haƙƙi a cikinsu kamar namiji.

Matsalata ita ce, wanda ya yanka wannan riga da awon namiji ya yanka ta. Tsohon soja namiji in ya koma gida, galibi akwai mata da ta riga ta san kasuwar unguwa, akwai gonar gado, akwai majalisa da zai zauna a ce masa ranka ya daɗe. Ko ba komai zai samu aikin gadi a banki ko kamfani, don da an ji tsohon soja an ɗauka. Ita fa? In ta je neman gadi a ce namiji ake so. In ta koma garinsu, wasu su ce ta yi ido da yawa, macen da ta riƙe bindiga wa zai iya da ita? Mu 'yan Arewa mun fi kowa wannan hali, gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Shi ya sa irin su Saje suke maƙalewa a Legas ko Fatakwal ko Ibadan, inda ba wanda zai tambaye su tarihi, amma kuma inda haya ke yanka wuya.

Kuma ku lura da wani abu. Duk ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, in kun ji an ambaci mata a jawabin manya, to matan sojojin da suka rasu ake nufi. Wallahi sun cancanta, ba na ja. Amma ko sunan ranar a bakinmu, 'yan MAZAN jiya muke cewa. Matar da ita da kanta ta sa kakin kamar ba ta cikin lissafi.

Alhali ba jiya mata suka fara ba. Aderonke Kale, likita ce, ta kai muƙamin Manjo Janar tun 1994, ita ce mace ta farko da ta taka wannan matsayi a sojan ƙasa, ta rasu a 2023. Itunu Hotonu ta zama Riya Admiral a sojan ruwa a 2012. A 2011 makarantar NDA ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, a 2018 kuma sojan ƙasa suka kafa runduna ta mata zalla. Ma'ana ƙofar shiga an ƙara mata faɗi, kuma duk wadda ta shiga wata rana za ta fito. Manyan ba na jin su, Janar ba za ta zo Mile 12 neman bashin rabin buhu ba. Kofur da saje nake ji.

Wani abokina da muka yi sakandare tare ya ce min ai soja soja ne, in aka ware wa mata wani shiri an kawo bambanci, alhali mazan ma kuka suke yi. Ta wani gefen yana da gaskiya. Mun ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a ƙarshen 2024 da farkon 2025 suna neman haƙƙoƙinsu, wasu da tabarmi suka je. In fansho bai fito ba, bai fito wa kowa ba. Amma na tuna masa abin da ya faru a 2021, lokacin da aka tsare wata soja a jihar Kwara don ta amsa tayin auren wani mai hidimar ƙasa a bainar jama'a tana sanye da kaki. A lokacin an yi ta maganar ƙa'idar da ta ce sai mace ta yi shekara uku a aiki kafin ta yi aure. To in an iya zama an rubuta wa mace ƙa'ida saboda ita mace ce ranar shiga, me zai hana a zauna a rubuta mata tanadi ranar fita? Amurka ma da ake ta kwaikwayo, tun 1994 ta buɗe cibiya ta musamman don tsofaffin sojoji mata a cikin ma'aikatar da ke kula da tsofaffin sojojinta.

Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, ɗan kasuwa ne, don haka da idon kasuwa nake kallon abin. Sana'a ba takardar shaida ba ce. Ka koya wa mutum ɗinki wata shida ka sallame shi babu keke, babu shago, babu wanda zai nuna masa inda ake saro yadi, ai ka ba shi guga ne babu igiya. Abin da nake gani shi ne a haɗa kowace mai fita da wata 'yar kasuwa da ta daɗe a harkar, ta zauna a ƙarƙashinta wata uku ko huɗu kamar yadda Inyamurai ke yi da yaran shagonsu, gwamnati ta biya ladan koyarwar. Jari kuma kada a damƙa shi gaba ɗaya rana guda, a raba shi kashi-kashi, wani ma a ba da shi a matsayin kaya ko kuɗin rumfa. Gwamnonin da ke gina sababbin kasuwanni su ware ko rumfa goma ce a kowace kasuwa. Sannan wadda ke da ƙananan yara kuma babu miji, a duba yadda za ta yi wata shida a wajen horo ba tare da ta rasa inda za ta ajiye su ba, a kuma ƙara mata wa'adi kafin a karɓi makullin ɗakin bariki.

Saje dai Alhaji ne ya zame mata wannan makaranta ba tare da kowa ya biya shi ba. Ya fara ba ta rabin buhu bashi, ta kawo kuɗin ranar da ta ce, da ƙarfe bakwai na safe cif. Yanzu buhu biyu take ɗauka, kuma jiya ina ji tana taya wa yaronmu kwandon attaruhu har sai da ya yi gumi. Da ta tafi Alhaji ya ce min in rubuta sunanta a shafin waɗanda ba a tambayarsu jingina.