Cire sharaɗin lissafi: Me zai sauya ga ɗan manomin Bakolori?

A watan Oktoban 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa ɗaliban fannin adabi ba sa buƙatar kiredit a lissafi kafin samun gurbi a manyan makarantu, amma dole su zana jarrabawarsa a sakandare.

Ɗalibai da dama sun yi murna. Sai dai a Ruwan Gizo da sauran ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ke raya noman rani, lissafi yana jiran yaro a bakin gona.

Misali, gonaki biyu na haya: ɗaya mita 50 tsawo da 50 faɗi, ɗaya 80 da 20. Wanda ya kewaya kowacce zai taka mita 200, ya ɗauka girmansu ɗaya. Alhali ta farko murabba'in mita 2,500 ce, ta biyu 1,600. Idan kuɗin hayar ɗaya ne, an ci shi da tsakar rana.

Haka zakka: a buhu 60 na shinkafar damina za a fitar da 6, wadda aka shayar da inji kuwa 3.

Saukaka shiga jami'a bai rage wannan buƙata ba. Abin da ya rage ga malaman Zamfara shi ne su ɗauko misalansu daga gona da kasuwa, domin yaron da ya iya auna gonar mahaifinsa da wuya a cuce shi.