Tattakin shekara 6: Wa ke da alhakin jinyar tsofaffin sojojin Birtaniya?

A watan Agustan 2017 wani tsohon sojan laima na Birtaniya, Chris Lewis, ya bar bakin tekun Llangennith da ke yankin Wales da fam 10 a aljihu. Ƙudurinsa shi ne ya zagaye gaɓar tekun ƙasar da ƙafa, har da tsibiranta. Ya yi zaman kullen korona na 2020 a Hildasay, wani tsibiri da babu kowa a cikinsa, inda ya zauna daga shi sai karensa. Bai komo inda ya tashi ba sai a watan Yulin 2023, bayan ya taka kimanin mil 19,000, ya kuma tara wajen fam 500,000 ga SSAFA, ƙungiyar tallafa wa sojoji da iyalansu da aka kafa tun 1885. Lokacin da ya fita, shi kansa yana fama da ciwon damuwa, kuma yana dab da rasa matsuguni.

Irin wannan jan aiki ya zama al'ada a Birtaniya. Mutum zai ɗora wa kansa wahala, ya sanar a intanet, jama'a su yi ta zuba kuɗi. Wasu su tuƙa kwale-kwale mil 3,000 daga tsibirin La Gomera zuwa Antigua, wasu su yi tattakin mil 10 da ƙungiyar Combat Stress ke shiryawa duk watan Maris.

Amfanin abin a bayyane yake, kuma ya wuce kuɗi. Soja mutum ne da aka horar da shi a kan haɗiye wahala, don haka furta cewa ba ya iya barci ko yana firgita da ƙarar rufe ƙofa ya fi masa ɗaukar bindiga nauyi. Idan ya ga ɗan'uwansa soja yana faɗin haka a gaban kyamara bayan ya ƙetare teku, kunyar kan ragu. Matsalar kuma ba ƙarama ba ce: binciken da Kwalejin King's ta Landan ta fitar a 2018 ya nuna kashi 17 cikin 100 na tsofaffin sojojin da suka yi gaba-da-gaba a Iraki ko Afganistan suna da alamun ciwon firgicin da kan biyo bayan tashin hankali.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Tattaki yana da ranar farawa da ranar gamawa, wannan ciwo kuwa kan ɗauki shekaru kafin ma ya bayyana. Likitan ƙwaƙwalwa albashi yake karɓa duk wata, ko an yi tattaki ko ba a yi ba. An ga haka a watan Janairun 2020, lokacin da Combat Stress, wadda ke wannan aiki tun 1919, ta dakatar da karɓar sababbin majinyata a Ingila da Wales saboda kuɗin shigarta ya faɗi daga fam miliyan 16 zuwa miliyan 10, musamman bayan hukumar lafiya ta NHS ta janye kwangilarta. Abin da Lewis ya tara a shekara 6 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan giɓi na shekara guda ba. Sai a watan Maris na 2021 NHS ta ƙaddamar da shirin Op Courage domin lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin sojoji. Gwamnati ce ta tura su yaƙi, inda 457 suka mutu a Afganistan, 179 a Iraki. Bai dace jinyar waɗanda suka dawo ta dogara da ƙafafun 'yan sa-kai ba.

Ƙungiyoyin ceto, waɗanda su ma ake yi wa irin wannan tattaki, darasinsu daban ne. RNLI, mai ceton waɗanda teku ya rutsa da su, ta cika shekara 200 a 2024, tana da tashoshi sama da 200 a Birtaniya da Ireland, kuma akasarin matuƙan jiragenta 'yan sa-kai ne. Da gudummawar jama'a take rayuwa. Amma ba tsere ko tattaki ne ginshiƙinta ba: ita da kanta ta ce fita 6 cikin kowace 10 da jiragenta ke yi, da dukiyar da mutane suka bar mata a wasiyya ake biyan su. Kuɗi ne marar hayaniya, wanda ake iya tsara kasafi a kansa.

Batun ya fara taɓa Nijeriya. Sojojinta da suka ji rauni sun shiga gasar Invictus karon farko a 2023 a birnin Dusseldorf na Jamus, kuma a watan Mayun 2024 Yarima Harry, wanda ya kafa gasar, ya ziyarci majinyata a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna. Duk shekara kuma ana ƙaddamar da asusun neman tallafi gabanin Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ta 15 ga Janairu, manyan jami'ai su sanar da gudummawarsu. Abin da ya kamata 'yan majalisa su tambaya yayin kare kasafin Ma'aikatar Tsaro shi ne nawa aka ware wa likitocin ƙwaƙwalwa domin sojojin da suka dawo daga Sambisa da Tafkin Chadi.