Makabartun Hausawan Kudu Na Bukatar Takarda Da Katanga

Babu ɗan kasuwar da ya daɗe a Legas ko Badun da zai biya kuɗin rumfa ko fili ba tare da ya ga takarda ba. Amma sau da yawa filin da za a kai shi ran da ta Allah ta kasance ba shi da wata shaida, illa bakin dattawan da suka halarci lokacin da masu gari suka ba da shi. Dattawan kuwa suna ta ƙarewa, darajar ƙasa tana ta hauhawa.

Doka ba ta bar wa baƙo wani zaɓi ba. Sashe na 246 na kundin dokokin laifuffuka da ake aiki da shi a jihohin kudu ya hana binne gawa a cikin gida ko harabarsa, ko a tazarar da ba ta wuce yadi 100 daga gidan zama ba, sai da izinin hukuma, kuma ya tanadi ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa. Gaskiya ne al'adar binne magidanci a gidansa a ƙasar Yarbawa da ta Ibo ta girmi wannan doka, har yanzu kuma ba ta gushe ba, ko da yake dillalan gidaje sun san irin wuyar sayarwa da gida mai kabari ke yi. Shi kuwa Bahaushe, wanda addininsa ya umarta da gaggauta jana'iza, makabarta kaɗai gare shi, in ba haka ba sai a yi hayar mota a ɗauki gawa zuwa arewa da kuɗi masu yawa.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kafa makabartu da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi, to amma ba kasafai suke ware wa aikin wani abin kirki ba. Makabartar Atan da ke Yaba, wadda aka buɗe tun ƙarni na 19, ta daɗe da cunkushewa. Kamfanoni sun ga wannan giɓi, sun buɗe makabartu na kuɗi a Ikoyi da kan hanyar Lekki zuwa Epe, inda ake sayar da gurbi da miliyoyin naira. Wannan ba kasuwar mai tura baro ba ce, ko mai sayar da albasa.

Saboda haka filayen da al'ummar Hausawa ke riƙe da su dukiya ce da ba za a iya sake sayen irinta ba, kuma a nan ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta shigo. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran aikin da aka yi a kan filin, ba ta tsurar ƙasa ba. Ɓangaren makabarta da ba a kai ga haƙawa ba, ba a kuma kewaye ba, a idon mai safiyo daji ne kawai. A idon jikokin waɗanda suka ba da kyautar ma haka yake, shi ya sa ake wayar gari a tarar an yanka fuloti a gefe, ko masu ɗiban jar ƙasa sun tona rami har kusa da kaburbura. Jihar Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen filaye a 2016, sai dai ba ta da amfani ga wanda ba zai iya nuna shaidar mallaka ba.

Rubuta fili da sunan Sarkin Hausawa ko wani attajiri shi kaɗai kuskure ne, komai amanarsa, domin ran da ya faɗi filin na iya shiga rigimar gado. Dokar kamfanoni ta 2020, kamar ta 1990 da ta gada, ta ba al'umma damar yi wa amintattu rajista su riƙe dukiya da sunan jama'a, wanda shi ne ya fi kusa da manufar waƙafi. Bayan rajista sai safiyo, sai neman takardar mallaka, sannan katanga. Masu cewa an hana gini a kan kabari sun yi gaskiya, amma katangar kewaye iyaka ce take tsarewa, ba ado ba ne.

Aikin zai ci kuɗi, musamman ganin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Amma ƙungiyoyin kasuwar Mil 12, da na mahautar Oko-Oba a Agege, da na Bodija a Badun, sun saba karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace mota da kowace saniya. In aka ware wani ƙayyadadden kaso daga ciki, aka sa a asusun da ake karanta lissafinsa a gaban jama'a, zai gina katangar sashe-sashe, har a samu abin yanka wa masu haƙar kabari albashi, maimakon barinsu suna jiran sadakar 'yan rakiya.