Dokin mai baki ya fi gudu: amsata ga masu raina tseren goɗiyoyi na gobe

Tun shekaranjiya da na ɗora hoton goɗiyoyin da za su yi tsere gobe Asabar a Amurka nake shan magana. Wani ya ce ana fama da kuɗin mai da na masara, ni kuma ina zancen doki. Wani ya ce in ji tsoron Allah in bar caca. Na uku, wanda teburinsa ke kallon nawa a ofis, ya ce shi bai ga abin ƙona data ba a kan gudun goɗiya, in da ingarmu ne ma da sauƙi. To bari in haɗa ku in amsa gaba ɗaya, don na gaji da bin ku ɗai-ɗai a ƙarƙashin hoto.

Na farko ya yi gaskiya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashina ba ya ganin ashirin ga wata. Amma shi ma ban ga tsadar ta hana shi zuwa gidan kallon ƙwallo ranar Lahadi ba. Na biyu kuma ya kwantar da hankalinsa, ban taɓa aza sisin kwabo a kan doki ba kuma ba zan aza ba, kallo kawai nake. Na ukun nan shi nake da magana da shi, don ba shi kaɗai ba ne, da yawanku haka kuke gani.

Na san inda raini ya samo asali. Mu nan goɗiya ba abin hawan mai daraja ba ce. Ranar hawan sallah ingarma ake yi wa ado, shi ake ba wa harawa da dusa da kanwa, ita kuwa tana ƙauye a ɗaure, aikinta haihuwa. A gidan kakana haka na tarar, ban kuma taɓa tambayar dalili ba sai da na girma. Amma wannan al'adar hawa ce, ba hukuncin gudu ba. Babban tseren da Turai ke ji da shi a kan ciyawa shi ne Arc da ake yi a Faris, maza da mata a haɗe, nisan mita 2,400. Daga 2011 zuwa 2022 an yi shi sau 12, goɗiyoyi suka ci 8. Treve ta ci sau biyu a jere, Enable ma haka. A Ostireliya, Winx ta ci tsere 33 a jere, galibi da maza take karawa. Zenyatta ta kada maza a babban tseren Breeders' Cup a 2009, a wannan filin dai da za a yi na gobe. Na yarda ana rage wa mace nauyin da za ta ɗauka, kilo ɗaya da rabi a Arc, ba zan ɓoye ba. To amma ragin nauyi ne ya ci tsere 33? Haba yallaɓai.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba rainin ba ne. Da na karanta masa waɗannan sunaye, sai mutumin ya ɗauki waya ya ɗan lalluba minti biyar, ya ɗago kai ya ce ai an gama magana, Inspiral ce za ta ci, 'yar Frankel ce kuma Dettori ne a kanta. Mutumin da da safe bai san ana tseren ba, kafin azahar ya zama malami. Kuma kun ga yadda ya yi zaɓin: sunan uba da sunan mahayi. Ita goɗiyar da za ta yi gudun bai tambayi abin da ta taɓa yi ba. Irin zaɓen da ake yi mana a wurin aiki ke nan in ƙarin girma ya zo, a duba ɗan wane da wanda ya tsaya masa, fayil kuma yana can ƙura na cinsa. Na bar wannan, kada in yi ɓaram-ɓarama.

Ga tseren. Sunansa Breeders' Cup Filly & Mare Turf, na mata zalla ne a kan ciyawa, an fara shi a 1999, ladansa dala miliyan 2. Bana a filin Santa Anita na Kalifoniya za a yi, 4 ga Nuwamban 2023, nisan mita 2,000. Ku riƙe wannan nisan, don a kansa rigimar take.

Ba na raina Inspiral, wallahi. Shekararta huɗu, John Gosden da ɗansa Thady ke horar da ita a Ingila, ta ci tseren ajin farko har biyar. Sau biyu tana zuwa Faransa ta kada maza a Jacques le Marois, bara da bana. Watan jiya a Newmarket ta ci Sun Chariot kamar kilisa ta fito. In ana maganar wadda ta fi kowa ƙarfin zabura a ƙarshen tsere, ita ce, babu gardama. Amma duk waɗannan nasarori biyar a mita 1,600 ta same su. Ba ta taɓa wuce wannan nisan ba a rayuwarta. Gobe za a ƙara mata mita 400, kuma a nan ne dokin da bai saba ba yake fara neman numfashi.

Za ku ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Frankel ya yi tsere 14 bai taɓa faɗuwa ba, biyun ƙarshe ma a wajen mita 2,000 ya ci su. Haka ne. To uwarta fa? Ko ba a tambayar uwa? Starscope sunanta, kuma ƙwazon da aka san ta da shi a mita 1,600 ne, inda ta zo ta biyu a 1000 Guineas a 2012. Sannan Inspiral tana da hali. Bara a Falmouth kowa ya ɗauka ta riga ta ci, Prosperous Voyage ta ba ta kunya. A Ascot cikin Oktoban bara aka buɗe ƙofa ta tsaya nawa, kafin ta farga an bar ta, ta ƙare ta shida. Bana a Goodwood da ƙasa ta jiƙe, ita ce ta ƙarshe. Ranar da ta ga dama babu kamarta, ranar da ba ta ga dama ba sai haƙuri. Kuma filin Amurka ba irin na Newmarket ba ne mai dogon miƙe. Kwanoninsa matsattsu ne, miƙen ƙarshe gajere, wadda ta makara a tashi sai ta zagaya ta bayan kowa.

Shi kuwa Dettori, Allah ya ba shi hannu, ba musu. Shekararsa 52, ya ce zai ajiye bulala a ƙarshen bana, muka sha bankwana wata da watanni, sai ga shi watan jiya ya ce ya fasa, Kalifoniya zai koma da hawa. Jaridu na son labarin ya ƙare da nasararsa, shi ya sa ko'ina ka duba hotonsa ne. Amma mahayi ba ya ara wa doki huhu.

Tawa ita ce Warm Heart, kuma ga dalilina.

In ma sunan uba kuke bi, to ku zauna da kyau. Ubanta Galileo, shi ne ya haifi Frankel ɗin da kuke taƙama da shi. Wato a lissafin gidanmu Warm Heart goggon Inspiral ce, duk da ta girme ta da shekara guda, ita 'yar. Uwarta kuma Sea Siren, 'yar gajeren zango ce da ta ci manyan tsere uku a Ostireliya a 2012. Juriya ta wajen uba, sauri ta wajen uwa. Amma na ce ba da asali zan yi hujja ba, bari in tsaya kan aikinta. A watan Mayu ta ci tseren mita 2,000 a Newbury, wato nisan gobe ba baƙonta ba ne. A Yuni ta ci Ribblesdale a Ascot. A Agusta ta ci Yorkshire Oaks, a Satumba ta haye Faransa ta ci Vermeille, duka a mita 2,400. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take cin. Ba ta tserewa da nisa. A York da tsawon kai kawai ta kada Free Wind, a Faris ma da ƙyar ta sha. Wasu na ganin wannan rauni ne. Ni kuwa abin da na gani shi ne goɗiyar da in an haɗa kafaɗa da ita ba ta sakin wuya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin sukuwa ya san irin dokin nan, ba ya da ban sha'awa a turke, amma in ƙura ta lafa shi za ka gani a gaba.

Ƙari a kan haka, da yake shekararta uku, za ta ɗauki nauyin da ya gaza na manyan da kusan kilo biyu. Aidan O'Brien na Ayilan ke horar da ita, Ryan Moore zai hau, kuma su biyun nan ne suka ci wannan tseren bara da Tuesday, ita ma 'yar shekara uku. A 2019 da aka yi shi a Santa Anita a wannan nisan, Iridessa ce ta ci, ita ma 'yar shekara uku daga Ayilan.

Ban ce ba ta da aibu ba. A Irish Oaks cikin Yuli ta zo ta biyar da ƙasa ta yi laushi, amma a Kalifoniya ba a fargabar wannan. Abin da ke damuna shi ne ta daɗe tana aiki tun farkon bazarar Turai, ga doguwar tafiya a jirgi. Na biyu, mita 2,000 na Santa Anita ba cikakken mita 2,000 ba ne a wajen wahala. Daga kan gangara ake tashi, a tsallaka hanyar turɓaya a shiga da'irar ciyawa, ƙasar kuma a bushe take, ƙafa ba ta nutsewa. Wannan duk yana taimakon mai sauri irin Inspiral. In aka tafi a hankali aka bar komai sai miƙen ƙarshe, to na faɗa muku tun yanzu, Inspiral za ta wuce tawa kamar a tsaye take.

Sai dai ba na jin za a tafi a hankali, saboda In Italian tana ciki. Ita ce babbar 'yar gida, Chad Brown ke horar da ita, mutumin da ya ci wannan tseren sau huɗu. Ita salonta ɗaya ne: a buɗe ƙofa ta fice gaba, mai iya kamo ta ya kamo. Bara haka ta ja su har sai da Tuesday ta cim mata dab da ƙarshe, ta zo ta biyu. Bana ma sau biyu ana kamo ta a bakin layi, a Diana da First Lady, kuma duk nisansu bai kai na gobe ba. Don haka ban ga ta ci ba. Amma za ta yi mini aiki, don gudun da za ta shimfiɗa tun farko shi zai tatse 'yan gajeren zango, ya bar masu juriya. In Italian ta yi noma, Warm Heart ta yi girbi, haka nake hange.

Sauran ba 'yan rakiya ba ne, amma ba zan daɗe a kansu ba. Didia, haihuwar Ajantina, ta ci Rodeo Drive watan jiya a wannan fili da wannan nisa, ta san kowace kwana, in akwai mai ba da mamaki ita ce. Win Marilyn ta Japan ta kada maza a Hong Kong Vase a Disambar bara, kuma tun da Loves Only You ta ci wannan tseren a 2021 na daina yi wa dawakin Japan kallon baƙi, sai dai bana ba ta ci komai ba, ga shekara shida. Moira ta Kanada ta kada maza a Queen's Plate bara, tana iya shiga cikin ukun farko. Fev Rover ta ci manya biyu bana, amma ba irin waɗannan ta tarar a can ba. Shekara huɗu ke nan a jere baƙi ke zuwa su ɗauke kofin nan a gaban Amurkawa, ban kuma ga alamar za a fasa gobe ba.

Saboda haka ga jerina, a rubuce, kowa ya gani: Warm Heart, sai Inspiral, sai Didia. In Inspiral ta ci, zan dawo nan in ce na faɗi, ba zan goge rubutun ba kamar yadda wasu ke yi in ƙungiyarsu ta sha kashi. Amma ko ta ci, maƙwabcin teburina ba shi da ikon yi mini dariya, don shi ba Inspiral ya zaɓa ba, Frankel da Dettori ya zaɓa, kuma ɗayansu ma yana can Ingila a barga yana cin abincinsa. In yana son gardama ya zo mini da nisan da ta taɓa gudu, da irin ƙasar da take so, da abin da uwarta ta yi, sai mu zauna.

Da dare ne agogonmu, bayan isha'i. Na sayi fetur ɗin janareta lita biyu tun yau, don ban yarda da masu wuta ba. Mai son kallo ƙofa a buɗe take, amma kowa ya zo da datarsa. Allah ya kai mu goben lafiya.