Janaretan bakin ƙofa na cinye mana ji

Tun 1968 aka kammala madatsar Kainji don samar da wutar lantarki, ruwanta ya tashi Gungawa da yawa daga tsibiransu. Amma har yau, shagon aski ko na gyaran gashi da ka shiga a Yelwa, janareta ne ke riƙe da shi in an ɗauke wuta. Mu masu wannan sana'a mun iya lissafin kuɗin fetur har sisin kobo. Lafiyar kunnuwanmu ce ba ta shiga lissafi.

Ni mai kitso da gyaran gashi ce. Lokacin bukukuwa da jajibirin Sallah, shagona ba ya yin shiru daga hantsi har dare: janareta a bakin ƙofa, injin busar da gashi a hannu dab da kunne, ga waƙa an ƙure don amarya da ƙawayenta. Mai zuwa gyara ta yi awa biyu ta tafi. Ni da yarana muna nan.

Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana wuni awa 8 cikinta kullum, tana lalata ji. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu, wato a 88 awa 4 ne, a 91 awa 2. Injin busar da gashi kaɗai yana iya kai wannan haddi. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: in sai kin ɗaga murya wadda ke tsaye gabanki za ta ji ki, ƙarar ta yi yawa.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama sauti, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba zafi, ba jini. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa kuka bayan an tashi aiki, sai yawan cewa "Na'am? Me kika ce?" a cikin taro.

Iskar shagon ma tana da nata laifin. Hayaƙin janareta yana ƙara wa ƙara ɓarna a kunne, haka ma sinadarin toluwin da ke cikin wasu jan farce. Mu kuwa mukan rufe ƙofa, mu saki labule saboda sirrin mata, sai mu shaƙe komai.

Za a ce talaka na neman na tuwo, ina shi ina wannan? Ai gyaran ba tsada. A sayi doguwar waya a kai janareta bayan shago. A rage waƙa. A buɗe taga. A toshe kunne da robar toshiya lokacin busar da gashi, a riƙa karɓa-karɓa da yara. Wannan ya shafi masu aski da masu injin niƙa, har da direbobin jiragen ruwa da ke wuni kusa da inji tsakanin Yauri da Wara.

Yaran da iyayensu suka kawo mana koyon sana'a amana ce. Bai halatta yarinya ta fita da sana'a a hannu, ba ji a kunne ba. Duk wadda kunnenta ya fara kuka ta je asibiti a duba, kada ta ɗiga masa mai ko magani da ka. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna in abin ya yi nisa. Ƙungiyoyin masu aski da na masu gyaran gashi na Yauri, Ngaski da Shanga kuma, ku sa wannan magana a zamanku na gaba.