Bindigar Farauta, Magnum, da Gardamar da Ke Tura Mutane Lahira

Makon jiya ina tsakiyar shiri wani mai sauraro ya bugo waya, muryarsa cike da zumuɗi. Ya ce a fadarsu gardama ta ƙi ƙarewa: tsakanin bindigar farauta, wadda mu a nan Nijar muke kira kalibir duz, da ƙaramar bindigar nan magnum ta finafinan Amurka, wacce ta fi ƙarfi? Na yi dariya na wuce. Bayan shirin ya sake kirana, sai na gane ba wasa ya kawo shi ba. Ƙauyensu na kusa da iyaka, an fara karo-karon kuɗi don sayen bindigogi, kuma wani mai baki ya tabbatar musu cewa bindigar farauta ta fi kowace ƙarfi, har da ta 'yan bindiga. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da magnum ɗin, tunda ita ce ta cika wa matasa ido. Magnum ba wata irin bindiga ba ce. Kalmar Latin ce mai nufin babba, kuma masu ƙera makamai sun laƙaba wa harsashin da aka tsawaita kwansonsa aka ƙara masa albarushi. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 Magnum a 1935, .44 Magnum ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1950. Ko ita bindigar farautar tana da nata harsashin magnum, mai tsawon milimita 76 maimakon 70 da aka saba. Wanda ya sa sunan ya zagaya duniya kuwa ɗan wasa ne, Clint Eastwood, a fim ɗin Dirty Harry na 1971, inda ya riƙe .44 yana cika bakin cewa babu ƙaramar bindigar da ta kai ta. Yau ko wannan taƙamar ta faɗi, domin kamfanin da kansa ya fitar da .500 Magnum a 2003. Amma har gobe yaran da ba su taɓa jin warin albarushi ba suna rantsuwa da maganar ɗan fim.

To ga lissafi. Ana auna ƙarfin harbi da nauyin harsashi da gudunsa, awon kuma sunansa jul. Harsashin .44 Magnum bai cika giram 16 ba, yana fita da gudun kamar mita 400 a daƙiƙa, abin da ya ba shi jul 1,200 da ɗoriya. Bindigar farauta mai lamba 12, wadda faɗin bakinta ya kai milimita 18 da rabi, idan an ɗura mata dunƙulalliyar dalma guda mai giram 28, tana kaiwa jul 3,000. Ninki biyu ke nan har da rara. A nan kam babu ja: ta maharba ta kayar da ta fim. Wanda ya ci gardamar a fada ya karɓi shayinsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne inda ake kai wannan lissafi daga nan. Harsashin Kalashnikov giram 8 ne, gudunsa ya haura mita 700 a daƙiƙa, ƙarfinsa kamar jul 2,000. Ka ga a takarda bindigar farauta ta fi AK-47. Mai bakin nan na ƙauye bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa, kuma ragowar rabin da ya ɓoye shi ne mai kisa.

Wancan adadi a bakin bindiga ake auna shi, a daidai lokacin da harsashi ya fito. Mutanenmu kuma ba dunƙulalliyar dalma suke samu a kasuwa ba, mai 'ya'ya suke samu, na harbin zabi da zomo, in an yi sa'a na gada. Ko mai manyan 'ya'ya, wanda yawanci tara ne a ciki, ƙarfin nan rabuwa yake gida tara. 'Ya'yan kuma zagayayyu ne, iska na cin gudunsu nan da nan, suna watsewa tun suna tafiya. Ka tambayi kowane tsohon maharbi me ya sa yake rarrafe har sai ya matso dab da nama. Zai gaya maka bayan taku hamsin sai dai addu'a. Harsashin AK mai tsini ne, bututun na murza shi ya tafi yana juyawa, yana samun mutum a mita 300. Gidansa kuma talatin yake ci. Mai baki biyu sau biyu zai harba, ya karya bindiga, ya zare kwanso, ya lalubi aljihu. Ita magnum mai juyi shida take ɗauka, tana dukan hannu kamar harbin jaki, wanda bai saba ba da wuya ya sami ko ƙofar zaure a taku talatin.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a iska: kai kana cikin gari kana surutu, mu ake kwashe wa shanu da mata, mu naɗe hannu? Ban raina wannan magana ba. Wanda ya kwana a gona yana jin kukan babura ba ya bukatar wa'azina, kuma maharban da ke gadin garuruwansu sun fi ni zuciya. Faɗana da masu zuga su ne. A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga su kare kansu. Wace bindiga doka ke ba farar hula? Ta farauta. Wato hukuma, wadda ke da sojoji da motoci masu sulke, ta ce wa manomi ya tari mai AK da makamin harbin zabi. Mu ma a nan mun ga yadda fitar 'yan sa-kai ke ƙarewa. A watan Nuwamban 2021, a yankin Banibangu, an yi wa 'yan sintiri kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu, har da magajin garin da ya jagorance su. Jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba.

Akwai kuma abin da masu karo-karo ba sa sakawa a lissafi. Garin da aka ji ya sayi bindigogi yakan zama abin hari, don a hukunta shi ko a kwashe makaman. Bindigar da aka saya don baƙo tana nan rataye a ɗaki ranar da rikicin gona ya tashi tsakanin 'yan'uwa, ko ranar da yaro ya ciro ta zai nuna wa abokinsa. A taku biyar, a tsakar gida, jul 3,000 ɗin nan ba ya rasa ko ɗaya.

Na gaya wa mai sauraron nan duk wannan a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce an riga an ba dillali rabin kuɗin. Na roƙe shi ya kai maganar gaban maigari, su sami maharbi mafi tsufa a garin, a kafa tulu a nisan taku ɗari uku, a ba shi bindigar ya harba kowa yana kallo, kafin a biya ragowar.